Maɓallin da Na Yanke a Rigar Baba

Sallama gare ku, masu bin labarina. Wanda yau ya fara shigowa ya samu wuri ya zauna, ba zan bar shi a baya ba. Sunana Zuliha, ɗiyar Sarjan Halidu tsohon soja, ta garin Gaya. Lokacin da abin nan ya faru shekara biyu ke nan da samun mulkin kai, ina da ashirin da ɗaya a duniya, na yi aure na wata bakwai na dawo gida da akwatina da keken ɗinkina. Keken nan shi kaɗai ne abin kirki da na fito da shi daga auren. Da ana iya tsallake wani wuri a labari, da nan zan tsallake, amma na riga na yi muku alkawari ba zan yi wa kaina kwalliya ba.

Wata safiya ina ƙarƙashin rumfa ina kafe bakin zane, sai ga Alassan malamin lakwal, wato makarantar boko, wanda muke kira Mushe Alassan irin kiran Faransawa, ya yi sallama da ƙunshin yadin kaki a hammata. Ya gaida Gwaggo Zuwera, yayar Baba, wadda ta riƙe ni tun rasuwar mahaifiyata, sannan ya tsaya bakin rumfa.

"Zuliha, aiki na kawo. Samarin gari za su kai wasan teyatur, wato wasan kwaikwayo, Dosso ranar bikin jamhuriya. Labarin zamanin aikin tilas ne, akwai gardi shida a ciki, dogaran Nasara. Riguna shida nake so, irin nasu sak."

"Ɗinki ba matsala ba ne, Mushe."

"Na sani. Ƙarfunan ne suka ɗaure mini kai. Maɓallai bakwai a kowace riga, na tagulla, masu zane a kai, da kan ɗamara guda shida. Tsofaffi za su zauna a sahun gaba. Sun ga na gaske, wasunsu ma sun sha bulala a hannun masu su. In muka fito da na wasa, dariya za su yi inda ya kamata su yi shiru."

Ni kuwa na ɗaga kai na ce, "Maɓalli ne fa, Mushe. Telar da ta kasa samo maɓalli ai gara ta sayar da keke. Ka ba ni kwana uku."

Ku riƙe wannan kwana ukun, don sai da ya zama sati biyar.

Ranar kasuwa na ci ado na haye gada na shiga Malanbil, ƙasar Dahome, ina tafiya kamar wadda kwamandan gari ya aiko. Na samu wata mai tireda da kwano cike da maɓallai suna walƙiya. Ba su da zane, amma na ce a raina wa zai ga zane daga nesa. Na kwaso arba'in da biyu na ɗaure a bakin zane. Da na dawo gida na ɗinka bakwai a riga ta fari, na wanke ta don kakin ya yi laushi, na shanya. Kafin la'asar ruwan zinariyar ya bi ruwan wanki, washegari kuma tsatsa ta zana layi bakwai a gaban rigar. Gwangwani ne aka shafa wa fenti. Gwaggo ta ɗaga rigar ta duba ta ce, "Wannan gardin da alama amai ya yi."

Sai ta kawo maganar da take kawowa a ƙarshen kowace magana. "Da kin saki jiki da Labo, da tuni ya kawo miki buhu guda daga Kwatano."

Labo mai kamyo biyu ne, manyan motocin kaya, yana ɗaukar gyaɗa zuwa Paraku ya dawo da kayan kanti. Matarsa ta rasu shekara biyu da suka wuce. Ba zan yi masa ƙazafi ba, mutumin kirki ne, mai faɗin fuska da faɗin hannu. Duk dawowarsa sai ya aiko da sabulu mai ƙamshi da wasiƙa cikin Faransanci, wadda marubucin bakin gidan waya ke tsara masa. Ni da na yi shekara huɗu a lakwal nakan zauna in yi ta haɗa baƙi, in gano wai ni tauraruwa ce kuma furen lambu. Ranar da na ji an karanta wa wata maƙwabciyarmu tata wasiƙar daga wani direba, da tauraruwar da furen duk suna ciki, sai na daina ɗaukar abin da zafi. Gwaggo dai ta ƙudura ba za a shiga sabuwar shekara ina gida ba. Kullum sai ta tuna mini cewa bazawara ba ta zaɓe da yawa.

Da Labo ya zo zance na faɗa masa matsalata. Ya bugi ƙirji ya ce in ɗauka an gama. Bayan kwana takwas ya dawo ya miƙa mini ƙunshin takarda yana murmushi.

"Na ce wa mai kantin ya ba ni mafi kyau a shagonsa."

Na buɗe. Maɓallan gilashi ne, ruwan hoda, kowanne an yi shi kamar fure. Na tuna gardi shida da bulala, kowa da fure bakwai a ƙirji, na cije leɓe na yi godiya. Har yau ban san ko bai saurare ni ba ne ko kuwa ya ga ba zai yiwu mace ta nemi abu marar kyau ba.

Mushe Alassan ne ya ce in je wurin Hama. Maƙerin zubi ne, mutumin Bengu, maƙerarsa na bayan kasuwa ƙarƙashin wata tsamiya. Na same shi a tsugune yana gyara hannun buta. Siriri ne, dogo, da tabon ƙuna a damtse biyu, rigarsa kuwa ba a iya cewa ga launinta na asali. Na yi sallama ya amsa bai ɗago ba. Ni da maza ke sakin sitiyari su kalle ni, wannan ko ɗankwalina bai duba ba. Abin ya ba ni haushi, kuma daga haushin nan ne komai ya fara.

Ya ce in zana masa abin da ke kan maɓallin. Na ɗauki tsinke na zana a ƙasa yadda na tuna shi a rigar sojan Baba, don iri ɗaya ne da na gardi. Ya daɗe yana kallo.

"Ƙadangare ne?"

"Ƙugiyar kamun kifi ce mai baki biyu."

"To." Ya sake dubawa. "Ɗiyar Sarjan, in na zuba wannan, mutanen Dosso za su ce Gaya ƙadangaru suka yi mulkinta. Ki kawo mini guda na gaske. In danna shi cikin yumɓu ya bar sawunsa, ki maida shi inda kika ɗauko. Kwana ɗaya."

Yanzu mai hankali sai ta je ta durƙusa gaban ubanta ta roƙa. Amma Baba mutum ne da ba ya zancen soja ko kaɗan. Rigarsa tana cikin akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gado, ba ta fitowa sai ranar da ake tara tsofaffin soja a ƙofar ofishin kwamanda. Ya sa ta, ya tsaya, ya dawo ya ninke, shi ke nan sai wata shekara. Na san in na tambaya zai ce a'a, kuma in ya ce a'a an gama. Saboda haka ban tambaya ba.

Da hantsi, Baba ya tafi gonarsa ta bakin gulbi, Gwaggo tana daka a bayan ɗaki, na shiga da reza. Akwatin ya buɗe da ƙamshin kafur. Na duba maɓallan ɗaya bayan ɗaya, duk an kafe su da zaren kaki, ɗinkin masana'anta, sai na biyu daga sama, wanda aka ɗinka da baƙin zare, a karkace, irin ɗinkin namijin da bai saba riƙe allura ba. Na ce a raina wannan ne zai yi sauƙin yankewa, in na maida shi ma zan yi masa ɗinkin da ya fi wannan. Har ina yaba wa kaina dabara.

Hama ya karɓa ya juya shi a tafin hannu. A ranar ne ya fara kallona, kallo ɗaya.

"Sarjan ya sani?"

"Ya sani," na ce, ban ko ƙifta ido ba.

Sai batun tagulla. Ya ce shi wuta da hannu yake da su, abin narkawa ni zan nemo. Nan na zama mai yawon tsince-tsince. Na samo karyayyen kan famfo a bayan asibiti. Wani maharbi daga Tanda ya ba ni kwanson harsashi cike da hula. Na bi gidajen ƙawayena ina roƙon fasassun mundaye, har wata ta tambaye ni ko bori na shiga. Kan ɗamara kuma ya ce sai falle mai faɗi, don haka na tafi garejin Labo da kaina na roƙi tsohon tankin ruwan kamyo da aka yar. Labo ya sa aka ɗauko mini har bakin kasuwa yana ta murna na nemi abu a wurinsa. Allah ya yafe mini wannan.

Kwana ɗaya kuwa bai yiwu ba. Yumɓun farko ya tsage a wuta. Na biyu ya fito da zanen a dushe. Sai da Hama ya tankaɗe yumɓu ya haɗa da garin gawayi, sannan sawun ya fito tsaf. Kuma kowane mazubi maɓalli shida yake ɗauka, in an fasa shi an fitar sai a sake wani, ma'ana maɓallin Baba sai ya zauna a maƙera har a gama. Na ce ba komai, rigar ba za ta fito ba sai ranar biki.

Kullum da safe sai in ce wa Gwaggo zan je sayen zare. Ban taɓa sayen zare kamar na watan nan ba. In sa atamfata mai ganyen kuka, in ja kwalli, in shafa turaren da Labo ya aiko, in tafi in zauna cikin toka. Maɓallan suna fitowa daga yumɓu baƙi ƙirin, da gemu a gefe. Hama ya koya mini riƙe magagari, in goge gefen har ya yi sumul, shi kuma ya lanƙwasa waya ya liƙa kunne a baya inda zare zai shiga. Daga nan a jiƙa su cikin ruwan tsamiya, a cuɗa da toka mai laushi, a ɗauraye, a murza da tsumma. Lallen da na ƙunsa ya koma kore. Farcena biyu suka karye. Ran nan na ce bari in nuna ni ma na iya zuga, na matsa kusa da wuta, sai na ji ƙauri. Bakin ɗankwalina ne. Hama ya fizge shi ya tsoma a kaskon ruwa, ya miƙo mini yana ɗiga, ya ce, "Zugar ta yi kyau." Ban san ko yabo ba ne, amma sai da na kwana biyu ina juya maganar.

Ba ya hira. In na kawo zancen gari sai ya ce "to". Amma na lura ya samo ɗan kututture ya shimfiɗa masa buhu don in riƙa zama, kuma yakan juya shi ya bi inuwa kafin in iso. A kan wannan kututturen na gina gida na haifi ƴaƴa huɗu, duk a cikin kaina.

Labo ne ya tona ni, ba da mugunta ba. Ya wuce da kamyo ya hango ni da baƙi a goshi ina goge ƙarfe. Da yamma ya ce wa Gwaggo aikin nan yana wahalar da ni, ko a samo wanda zai taya ni. Gwaggo ta jira ya fita.

"Zaren da kike saye ke nan?"

"Gwaggo, aikin Mushe ne."

"Aikin Mushe ne ya sa kike shafa turare ki shiga maƙera? Ke ƴar nan, ki dube ni. Maƙeri ɗiyar maƙeri yake aure, kowa ya sani. Ga mutum da motoci biyu yana bin ki kamar kin ci bashinsa, ke kina can kina hura wa wani wuta. Daga yau ƙafarki ba ta ƙara taka bayan kasuwa. Ran Juma'a magabatan Labo za su zo ganin ubanki."

Na zauna gida ina ɗinka riguna marasa maɓalli. Kwana na biyu Mushe Alassan ya zo duba aiki, da zai tafi ya ajiye wata ƴar takarda a kan keke.

"Hama ya ce in ba ki."

Na shige ɗaki na buɗe. Rubutun ajami ne, layi bakwai, da tawadar allo. Ni kuwa karatun allona bai yi nisa ba aka kai ni lakwal, in babu wasali, ba na iya haɗa komai. Na gane sunana a sama, shi ke nan. Sauran kuwa na cike da abin da raina ke so. Na ce layin farko gaisuwa ce. Na biyu yana cewa maƙera ta yi masa faɗi tun da na daina zuwa. Wani baƙi mai doguwar wutsiya a layi na huɗu na yanke hukunci zuciya ce. Ban iya kai wa kowa ya karanta mini ba don kunya. Na ninke ta na soke a ɗankwali, ina ɗinki ina taɓa ta. Har amsa na tsara a kaina, mai ja masa aji kaɗan, kada ya ga na yi saurin yarda.

Ranar Laraba Gwaggo ta ce in zo ta yi mini kitso saboda baƙin Juma'a. Na manta. Tana cire ɗankwalin takardar ta faɗo a cinyarta. Ta ɗauke ta ta ajiye, ta gama kitson tsaf, tana ja kamar za ta cire fatar. Bayan la'asar Baba ya dawo daga masallaci ya zauna a kan buzunsa, ta ja hannuna har gabansa.

"Halidu, karanta ka ji abin da ɗiyarka take ɓoyewa a kanta. Wasiƙar maƙeri ce."

Na durƙusa kaina a ƙasa. Tsoro nake ji, amma ba zan ɓoye muku ba, wani gefen zuciyata murna yake, yau dai zan ji kalaman da bakin wani. Baba ya sa tabarau ya nisanta takardar.

"Zuwa ga Zuliha. Bayan gaisuwa, tagulla ta ƙare, saura maɓalli tara. A nemo ko murfin buta ne. Tsamiyar ma ta ƙare."

Gwaggo ta ce, "Sai me?"

"Kuma kunnen maɓallin Sarjan ya karye wurin cire shi daga yumɓu. Na liƙa shi. A faɗa masa, ya yi haƙuri."

Kwana biyu ina yawo da saƙon murfin buta a kaina, ina shafa shi kamar laya. Gwaggo ta zo kama ɓarauniyar zuciya, ta kama ɓarauniyar maɓalli, ita ma ba ta san wanne ya fi ba.

Baba ya ci gaba da kallon takardar na ɗan lokaci, leɓensa na motsi. Sannan ya ninke ta ya sa a aljihu, ya tashi ya shiga ɗaki. Muka ji ƙarar akwati. Ya fito da rigar a hannu, ya zauna, ya ɗora yatsa a gurbin da baƙin zaren ke reto.

"Duk cikin bakwai ɗin, wannan kika zaɓa."

"Baba, na ga ɗinkinsa ne ya saki."

"Ni na ɗinka shi." Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga da ya fi mini sauƙi. "Ba na rigar nan ba ne. Na Abdu ne, mutumin Tanda. Rana ɗaya aka ɗauke mu, shekara biyar muna kwana bargo ɗaya. Mun gama yaƙi lafiya, a jirgin ruwa na dawowa ciwon ƙirji ya kashe shi, saura kwana biyu mu ga ƙasa. Da rigarsa aka sa shi a teku. Na yanke wannan don in kai wa uwarsa. Da na isa Tanda na tarar an yi arba'in ɗinta. Sai na cire nawa na sa nasa."

Gwaggo ta ce a hankali, "Ba ka taɓa faɗa mini ba."

"Ba ki taɓa tambaya ba."

Na fara kuka, irin mai majina, ba irin na ƴan matan littafi ba. Na ce ya yafe mini. Na faɗa masa har ƙaryar da na yi wa Hama cewa ya sani. Ya ce in tashi in wanke fuska, gobe da safe zan raka shi maƙera.

Muka fita da hantsi, yana gaba da rigar a kafaɗa, ina baya da tsohon zane, ba kwalli ba turare. Murfin butar Gwaggo na hannuna, ita da kanta ta miƙo mini ba ta kalle ni ba. Hama na hango mu ya ajiye guduma ya fito ya durƙusa har ƙasa.

"Baba Sarjan, ku gafarce ni. A hannuna ya karye."

"Ta ce maka na sani?"

Hama ya sunkuyar da kai.

"Ba sai ka amsa ba, ta faɗa da bakinta. Ina yake?"

Ya shiga ya ɗauko wani ƙullin farin ƙyalle daga saman rumfa. Na ɗauka zan ga maɓallin yana walƙiya kamar sauran, sai na gan shi yadda na kawo shi, da duhunsa da ƴar lotsawarsa a gefe.

"Ban goge shi ba," in ji Hama. "Na ga an daɗe ana taɓa shi da hannu. Na ce mai shi haka yake son sa."

Baba ya juya bayan maɓallin ya duba liƙin, ya gwada da farce. Bai ce ya yi kyau ba, bai ce bai yi ba. Ya sa shi a aljihun da takardar take. Sannan ya nuna ƙwaryar da sababbin suke ciki, Hama ya miƙo masa. Ya ɗebo ya baza a tafin hannu.

"Wa ya ce muku ƙugiya ce?"

Hama ya dubi ƙasa. Na ce, "Ni ce, Baba."

"Anga ce, ta tsayar da jirgin ruwa." Ya ɗaga guda ya kalli rana da shi. "Zubin ya fito. Amma gogewar ta mata ce, an bi sama an bar lungu. Da ka fito fareti da wannan, kwana huɗu za ka yi a kurkuku. Kuma kan ɗamarar nan ya yi kauri, ba ƙofar gari ba ce."

Ya nemi ɗan katako da wuƙa. Ya zauna a kan kututturena, nawa na kaina, ya fere katakon ya tsaga shi a tsakiya, ya nuna mana yadda ake zura maɓalli a tsagar bayan an ɗinka shi, a goge shi ba tare da an ɓata yadi ba. Ya ce a samo garin jan bulo a haɗa da ɗigon man gyaɗa. Mutumin da ban taɓa jin ya yi zancen soja ba, ran nan sai da ya ba Hama labarin wani kaftin mai duba maɓalli da madubi. Hama kuma, mai "to", har tambaya yake yi. Ni aka bar ni da zuga. Ba wanda ya kula ɗankwalina.

Da rana ta take muka kamo hanya. Baba ya tsaya gaisawa da wani mai goro, na ce na manta ƙwaryata, na koma da sauri. Abin da ke cina tun jiya shi ne lissafin layi. Na ƙirga su sau ɗari a kwana biyun nan, bakwai ne. Abin da Baba ya karanta bai fi huɗu ba.

"Hama, me ka rubuta a ƙasan takardar?"

Ya ɗauki awartaki ya juya gawayi. Kunnuwansa na gani, sun yi ja, ko da yake wuta ma tana iya sa haka.

"Na ɗauka kin iya karantawa."

"Na iya. Tawadar ce ta dushe."

"To," ya ce. "Tana wurin Sarjan."

Muka iso gida Gwaggo na tsince shinkafar baƙin gobe a faifai. Baba ya cire takalmi ya zauna, ya ce in kawo allura da baƙin zare. Na ce bari in ɗinka masa. Ya ce a'a. Ya zura zaren da kansa, sai a karo na uku ya shiga, ya fara kafe maɓallin Abdu a karkace yadda yake a da. Bai ɗago kai ba ya ce, "Yaya, ki aika gidan su Labo. Ki ce su dakata sai an dawo daga Dosso."

Faifan ya tsaya a hannun Gwaggo. "Saboda me, Halidu? Me zan ce musu?"

"Ki ce akwai takardar da ban gama karantawa ba."

Ya ciji zaren ya yanke, ya shafa aljihunsa, ya dube ni ta saman tabarau.

"Ke kuma gobe ki ɗauko allonki. Shekara ashirin da ɗaya, a rubuto miki magana ki kasa sanin ko za ki yi kuka ko za ki nemo murfin buta."